Mu Sa Dara da Kokowa a Cikin Wayar Talaka

A ranar 21 ga Afrilun 1989 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fito da wata 'yar na'urar wasa ta riƙewa a hannu mai suna Game Boy, kuma cikin wasanni huɗu da suka fito rana ɗaya da ita akwai wani mai suna Baseball. Yaron yau in ya gan shi zai yi mamakin yadda har aka taɓa zaro kuɗi aka saye shi. Gilashin na'urar bai kai santimita 5 ba ta kowane gefe, ba shi da launi sai inuwa huɗu tsakanin kore-kore da baƙi-baƙi, kuma ba ya ba da haske, in magariba ta yi sai an matsa kusa da fitila. Ƙungiyoyi biyu ne kacal a ciki, 'yan wasan kuwa tarin ɗige-ɗige ne. A Badagishiri da Illela da Malbaza da Birnin Ƙonni da wuya ka samu wanda ya san yadda ake buga besbol, balle ya damu da wani tsohon gem da aka yi a kansa. Duk da haka ina ganin matasanmu masu koyon aikin kwamfuta za su fi ƙaruwa da shi a kan manyan wasannin zamani da suke kwana suna sha'awa. An ƙera shi daidai da aljihu da batirin wanda zai saya, kuma an ɗauko wasan da mutanen wurin suka tashi da shi tun suna yara. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da 'ya'yan wannan yanki na Adar a Nijar za su bi wannan sawun, su sa dara da kokowa a cikin wayar da ke hannun talaka.

Sai an ɗan san wasan kafin a gane hikimar. Besbol karawa ce tsakanin ƙungiya biyu, kowace da mutum 9 a fili. Ɗan wannan ɓangare ya jefo ƙwallo mai tauri da iya ƙarfinsa, ɗan wancan ɓangare ya tare ta da kulki. In ya dace ya make ta ta yi nisa, sai ya zuba a guje ya bi tashoshin da aka kafa a kusurwoyin filin har ya dawo inda ya tashi, kafin abokan hamayya su tsinto ƙwallon su riga shi. Zagaye 9 ake yi, wasa ya tashi. A Amurka ya girma, amma a 1872 wani malamin makaranta Ba'amurke mai suna Horace Wilson ya koya wa ɗalibansa a Tokyo, daga nan ya kama ƙasa har ya zama wasan da Japanawa suka fi ƙauna. Gasar makarantun sakandarensu, wadda aka fara tun 1915 kuma ake yin ta duk watan Agusta a filin Koshien, takan ɗauke hankalin ƙasar baki ɗaya kamar yadda gasar kokowa ta Takobi ke ɗauke hankalin Nijar. Saboda haka Nintendo bai buƙaci koya wa kowa doka ba. Yaron da ya riƙe na'urar ya riga ya san nauyin kulki a hannu, ya san faɗuwar gaban da ke zuwa sa'ad da ƙwallo ta baro hannun mai jifa. Abin da gilashin ya kasa nunawa, kansa ne ke cikewa. Wannan shi ne rangwamen da wasan gida ke yi wa mai ƙira, ba sai ya zana komai ba, ishara ta wadatar.

Ba Nintendo ne ya fara ba. A Amurka kamfanin kayan wasan yara na Mattel ya fitar da Auto Race a 1976, Football a 1977, sai nasa Baseball a 1978, kuma waɗannan ko hoto babu a cikinsu, 'yan jajayen fitilu ne ke kamawa suna mutuwa a ƙarƙashin zanen fili. Ƙwaƙwalwar da aka sa musu ta na'urar lissafi ce aka yi wa kwaskwarima, har injiniyan da ya rubuta Auto Race, Mark Lesser, ya cusa wasan gaba ɗaya a cikin bayit 512, wurin da ba zai ɗauki ko wannan sakin layin ba. Shi kuwa Nintendo asalinsa kamfanin buga karta ne da aka kafa a Kyoto a 1889, kuma mutumin da ya jagoranci ƙirar Game Boy, Gunpei Yokoi, an ɗauke shi aiki ne tun farko don ya riƙa gyaran injinan karta. Shi ne ya fito da 'yan na'urorin Game & Watch a 1980, aka sayar da sama da miliyan 43. Aƙidarsa a sana'a sananniya ce. Ba ya bin fasahar da ta fito jiya, mai tsada wadda ba a gama sanin halinta ba. Yakan nemi wadda ta kwana biyu, ta yi araha, kowane makaniki ya san cikinta, sannan ya yi tunanin wani aikin da ba a taɓa sa ta ba. A kan wannan aƙidar ya ƙi gilashi mai launi, alhali ana iya yin sa a lokacin.

Kasuwa ce ta raba gardamar. A shekarar da Game Boy ta fito, kamfanin Atari ya fito da Lynx, a 1990 kuma Sega ya fito da Game Gear, dukansu masu launi, masu haske, sun fi ta kyau nesa ba kusa ba. Amma kowace a cikinsu batir 6 take ci, kuma cikin awa 3 zuwa 5 ta shanye su, alhali Game Boy batir 4 ne ke kai ta awa 15 ko fiye, ga shi ta fi su araha. Uban da ke sayen batir ya yi lissafinsa, yaron da ke son wasa a doguwar tafiya shi ma ya yi nasa. Game Gear ta tsaya a miliyan 10 da ɗoriya, Lynx ba ta ko kusanci haka ba, Game Boy da ƙanwarta mai launi da ta biyo baya a 1998 suka haura miliyan 118. Wannan fa a Japan da Amurka da Turai ne, inda wuta ba ta ɗaukewa kuma batir yana kowane kanti. In har a can ma ƙarancin cin wuta ya rinjayi ƙyalƙyali, to ina ga wurin da cajin waya kansa sana'a ce da ake biyan kuɗi a kanta?

Halin da muke ciki ba ɓoyayye ba ne. Ƙididdigar Bankin Duniya ta nuna kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da wutar lantarki a Nijar, a karkara kuwa abin ya yi ƙasa da haka sosai. Gaskiya ne a Malbaza aka buɗe babbar tashar sola ta farko a ƙasar, mai ƙarfin megawat 7, a watan Nuwamban 2018, amma ƙauyen da babu turken wuta ko ɗaya ba ya shan romonta. Sannan kowa ya ga abin da ya faru a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turowa, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha, har birane ma suka koma kwana cikin duhu. Mutumin ƙauyukan da ke kewaye da Badagishiri yakan ba mai caji wayarsa ne ya biya, kuma cajin nan na kiran ɗan'uwa ne da ke ci-rani a Abijan ko Legas ko Libiya, na haska ɗaki ne da dare. Wasannin da ake turo mana daga waje an yi su ne don wanda wayarsa ke kwana a jikin soket, mai intanet da ba ta yankewa. Suna cika waya, suna zuƙe data, suna sa batir ya yi zafi ya mutu kafin azahar. Masu su ba mugunta suka nufa ba, ba su ma san da mu ba, kuma ba za su taɓa zama su auna wasa da mudun ɗan Adar ba. Wannan awon sai wanda ya san zafin biyan kuɗin caji.

Kada a ce tunanin Yokoi baƙo ne a wurinmu, domin manoman wannan yanki sun riga injiniyoyinmu aiki da shi. A shekarar nan ta 1989 wani shirin raya karkara da asusun IFAD ya tallafa a gundumar Illela ya kai manoma 13 yankin Yatenga na Burkina Faso, suka ga tsohuwar dabarar haƙa ramukan shuka da manoman can, irin su Yacouba Sawadogo, suka gyara. Dabarar ba sabuwa ba ce a Adar, iyaye da kakanni sun san ta da sunan tassa. Abin da aka ƙara shi ne a faɗaɗa ramin, a zurfafa shi, a tara ƙasar da aka haƙo ta ɓangaren gangare don ta tare ruwa, a zuba taki a ciki tun da rani domin gara ta zo ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Babu tarakta, babu fetur, babu kayan gyaran da za a jira daga Turai, daga fartanya da diga sai ƙarfin damtse. Da suka dawo, 'yan kadada kaɗan aka gwada. Daminar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, maƙwabta suka ga gero ya yi a cikin ramuka alhali sauran gonaki sun ƙone, daga nan ba a sake buƙatar mai lallashi ba. Cikin 'yan shekaru dubban kadada na faƙon da ke kan tuddan Badagishiri da kewaye suka koma gona, har aka fara saye da sayar da faƙo, ƙasar da a da ko kyauta aka ba mutum ba ya so. Ni a ganina Yokoi da waɗannan manoma hanyarsu ɗaya. Sun duba abin da ke hannun mutane, sun ƙara masa abu kaɗan a daidai inda yake buƙata, sun bar shi ya yaɗu daga maƙwabci zuwa maƙwabci.

To me ke hannun mutane a fagen wasa? Dara ce ta farko. A yawancin wurare gida 30 ake haƙawa a ƙasa, layi 5 a kan 6, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan ya ɗebi tsakuwa wancan ya karyo tsinke. A fara zubawa ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga turawa, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa guda, har sai ɗayan ya kasa jera uku. Babu sa'a a cikinta, tsabar hangen nesa ce, kuma bayanin inda kowane ɗa yake bai wuce bayit 30 ba. Wayar itel ko Tecno mafi araha za ta ɗauke ta ba ta ma ji ba. Wanda ke shakkar ko wasan ƙasa irin wannan zai karɓu a waya, ya leƙa majalisar samari a Ƙonni ko Tawa ya ga me ake bugawa. Lido ne. Asalinsa pachisi, tsohon wasan Indiya, kuma wani ɗan Indiya mai suna Vikash Jaiswal ne ya sa shi a waya a 2016 da sunan Ludo King, ba wani ƙyalƙyali, yana aiki ko babu intanet, mutum huɗu na iya zagaye waya ɗaya. An sauke shi sama da sau miliyan 500 a Google Play. Indiyawa sun ɗauko wasan kakanninsu sun sa a aljihun 'ya'yanmu, mu kuwa namu yana can gindin bishiya tare da tsofaffi, kuma wannan abu yana damuna ƙwarai.

Kokowa ita ce ta fi kusa da besbol ta fuskar ƙira, ko da yake a ido ba su yi kama ba. Gem ɗin Baseball gaba ɗayansa a daƙiƙa guda ya dogara. Mai jifa ya yi niyyar yaudara, mai kulki ya karanci niyyarsa, ya latsa maɓalli a kan kari ko ya yi asara. Duk wanda ya taɓa kallon 'yan kokowa biyu sun duƙa suna lalubar hannun juna, kowa na jiran ɗayan ya saki ƙafa, ya san wannan daƙiƙar. Maɓalli biyu da na juya gefe sun isa a kwaikwaye ta. Kuma ba sai an ƙirƙiro ƙungiyoyin bogi ba. A Tawa aka fara gasar ƙasa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, yanzu kuwa jihohi 8 ke turo 'yan kokowa goma-goma, kuma babu ɗan Nijar da ba shi da ɓangare. Ga kiɗa ga kirari, sauti kaɗan ya isa ya tayar wa mai wasa da tsimi. Sharaɗi ɗaya ne, kuma ba na wasa ba ne. Duk ɗan kokowar da za a sa sunansa ko kamarsa, irin su Issaka Issaka na Dosso, da duk makaɗin da za a ɗauki kiɗansa, a nemi yardarsa a rubuce a ba shi kasonsa. Bai kamata mu yi kukan an manta da mu ba, sannan mu juya mu ci gumin namu.

Hanyar kai wasan ga jama'a ma a shimfiɗe take. Game Boy tana da wata 'yar igiya da ake haɗa na'ura biyu da ita, abokai biyu su kara a Baseball suna zaune gwiwa da gwiwa, ba kamfanin sadarwa a tsakaninsu. Bluetooth na yin wannan aikin yau kyauta. A manyan kasuwanninmu, irin ta Badagishiri da ke tara fatake da masu dabbobi duk mako, sana'ar tura fina-finai da wa'azi da waƙoƙi a memori ta daɗe da kafuwa, kuma wasan da bai fi hoto biyu ko uku nauyi ba zai bi wannan hanyar cikin ƙiftawar ido. Ƙananan wayoyi masu maɓalli sun fi wuyar sha'ani, domin da yawansu ba sa karɓar sabuwar manhaja, sai dai a shawo kan masu ƙera su su saka wasan tun daga masana'anta, kamar yadda Nokia ta saka wasan maciji a wayoyinta tun 1997. Sannan wasan ya yi magana da baki, da Hausa, ya rage rubutu, tunda fiye da rabin manyan ƙasar ba sa karanta boko. Tun watan Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a dokar Nijar, amma sai matsayin ya sauko irin waɗannan ƙananan wurare kafin mutum ya ji shi a jikinsa.

Na san abin da uba zai fara cewa, kuma maganarsa tana da nauyi. Yaran sun riga sun shagala da waya, za a kuma ƙaro musu wani abin? Malamai ma suna da ta cewa. An san Imamu Malik bai ga alheri a shaɗaranji ba, akwai hadisi mai tsanani a kan wasan jefa ƙwaya, kuma har yau akwai malaman da ba sa son ganin dattijo a bakin dara. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma a 2019 ta sa jarabar gem a jerin cututtuka. Fatawa ta malamai ce, a bar musu. Abin da zan ce shi ne wayar ta riga ta shiga hannun yaron kuma ba fita za ta yi ba, saura mu duba me ke cikinta. Yawancin abin da ke cikinta yanzu an gina shi ne don kada ya ƙare. Kullum da sabon mataki, da kyautar da za ta wuce ka in ba ka leƙo yau ba, da tallan da ke jan yaro zuwa shafukan cacar ƙwallo, ita kuwa caca babu saɓani a kan haramcinta. Tsohon Baseball ba haka yake ba. Zagaye 9 ya cika, an san wanda ya ci, sai a kashe. Ba ya roƙon kuɗi, ba ya kiran ka da tsakar dare. Dara ma tana da farko tana da ƙarshe. Wanda ya ƙera wasa a nan, wanda zai haɗu da iyayen yaran a masallaci da wurin suna, shi ne za a iya kama wa hannu a ce Malam kada ka sa caca, kuma ka sa wasan ya tsaya da kansa bayan ɗan lokaci. Kamfanin da ke wata nahiya ba ya jin kiran kowa.

Wasu kuma tsoronsu shi ne in aka sa wasan gargajiya a gilashi, na fili zai mutu. Akwai gaskiya a ciki wadda ba zan musa ba. Babu maɓallin da zai ƙarfafa cinyar yaro kamar langa, kuma ita langa, wadda daɗinta duk a tsalle da ture da haki yake, ina ganin gara a bar ta a dandali. Amma Japan ta shafe sama da shekara 40 tana buga besbol a gilashi, filin Koshien bai daina cika ba. Samarinmu na buga ƙwallon ƙafa a waya, kuma da la'asar su ne dai a fili. Abin da ke kashe wasa shi ne yara su tashi ba su san dokarsa ba. Yaron da ya koyi jera uku a waya, ranar da ya tarar da kakansa a bakin dara zai iya durƙusawa ya ce Kaka mu gwada, zaman da ba zai yiwu ba in bai taɓa sanin wasan ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta kuɗi, kuma a nan ba ni da alkawarin arziki ga kowa. Mai babbar waya a Yamai ba zai bar PUBG ko Free Fire don dara ba, kuma abin da aka tura ta Bluetooth ba a biyan mai shi. Masu fim na Kano sun ɗanɗana wannan. Masana'antar da ta faro da Turmin Danya a 1990 ta ga kasuwar faifai ta rushe a hannun masu kwafi da masu turi, sai da ta koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24 kafin ta farfaɗo. Sai dai fim na buƙatar 'yan wasa da motoci da makonni na ɗauka, dara a waya kuwa aikin mutum biyu ne ko uku da kwamfuta ɗaya. Jarin kaɗan ne, don haka abin da zai mayar da shi ma kaɗan ne. Kamfanonin da ke ɗaukar nauyin gasar Takobi suna iya ɗaukar nauyin wasan da zai riƙe sunan gasar a hannun jama'a sauran watannin shekara, sunansu sau ɗaya a farkon wasa ya ishe su. Kuma an yi a wasu wurare. Akwai Maliyo Games a Legas tun 2012, akwai Kiro'o Games a Yawunde da ya fitar da Aurion a 2016, a Yamai ma Mahaman Sani Housseyni Issa ya fitar da Les Héros du Sahel. Ba cikin sauƙi suka samu ba, amma sun rufe bakin mai cewa ba a iyawa a nan.

Akwai kuma mai cewa ƙasar da ke fama da matsalar tsaro da tsadar hatsi da azuzuwan zana ba ta da lokacin maganar gem. Ban nemi a taɓa ko dala ɗaya daga kuɗin asibiti ko na makaranta ba. Ƙaramin wasa a wurina wajen koyon sana'a ne. Ɗalibin da ya iya sa dara ta yi aiki a waya mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, ba intanet, da muryar Hausa, a hannun wanda bai yi boko ba, ya riga ya warware matsalolin da za su tare shi ranar da zai yi manhajar da ke gaya wa manomin Galmi farashin albasa, ko wadda ke tuna wa makiyayi lokacin rigakafin dabbobi. Irin waɗannan manhajoji a nan suke yin tuntuɓe, wajen nauyi da cin caji da rubutun Faransanci da maɓallan da ba a gane ba. Manhajar da wani shiri ya raba kyauta ana iya karɓar ta don ganin idon mai rabawa, a rubuta rahoto a ce ta yi nasara. Mai buga gem kuwa ba ya yi wa kowa kara, in bai ji daɗi ba a ranar zai goge, kuma daga wannan gogewar mai ƙira ke koyon abin da ba a koyarwa a aji.

Don haka kirana ga ɗaliban da ke koyon kwamfuta a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da sauran jami'o'in ƙasar, da malamansu masu ba da aikin kammala karatu, da cibiyoyin renon matasa irin su CIPMEN a Yamai, ku fara da dara. Ku je ku zauna da tsofaffin Badagishiri da Illela da Ƙonni ku rubuta dokokinta yadda kowane gari ke bugawa, domin su ne suka san bambance-bambancen. Ku gwada abin da kuka yi a kan wayar da ta fi kowace araha a kasuwa, ku auna yawan cajin da yake ci. Ranar kasuwa ku kai wa masu turi, ku tsaya gefe ku ga inda yatsun mutane ke rikicewa, ku koma ku gyara. Hukumar kokowa ta ƙasa kuma, in waɗannan yaran suka zo mata da maganar gem ɗin Takobi, ta saurare su, ta haɗa su da 'yan kokowa da makaɗa a yi yarjejeniya a rubuce.